Sauya katin hoto a tsohuwar kwamfuta: Abin da ya kamata masu tace bidiyo a Zariya su sani

Masu sana'ar tace hoton bidiyo a garin Zariya na fama da wata matsala da ke ƙara tsananta a 'yan shekarun nan, inda kyamarori da wayoyin salula ke ɗaukar hoto mai nauyin gaske, alhali kwamfutocin da ake aikin da su tsofaffi ne.

Daga shagunan da ke bakin titin Sakkwato a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, zuwa unguwar PZ a Sabon Gari, har ma da garuruwan gefe irin su Zabi da Basawa da Bomo, matasa da dama na cin abinci ne da haɗa bidiyon biki da suna, da tafsirin watan Azumi, da hawan Sallah, da kuma gajerun finafinan da ake sakawa a YouTube da TikTok.

Ga irin wannan matashi dai, kwamfuta ita ce jarinsa. Idan ta riƙa sarƙewa, ko kuma ta kwana tana fitar da bidiyon sa'a guda, to abokan ciniki za su koma wani shagon.

Shawarar da aka fi bayarwa a kasuwa ita ce a sayi katin hoto mai ƙarfi a sanya wa na'urar. Sai dai ba kowane kati ne ya dace da kowace kwamfuta ba, kuma kuskure wajen zaɓe na iya jawo asarar kuɗin katin, wani lokaci ma har da kwamfutar baki ɗaya.

Daga kaset zuwa kwamfuta

Lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, ana tace hoto ne ta hanyar kwafe shi daga wannan kaset zuwa wancan, kuma duk kwafin da aka yi sai hoton ya ƙara dusashewa.

Shigowar kwamfuta cikin sana'ar daga ƙarshen shekarun 1990 ta sauya lamarin, domin ta bai wa edita damar yankewa da jonawa, da sanya sauti da rubutu, ba tare da ingancin hoton ya ragu ba.

Hoton faifan CD da na DVD na wancan zamanin ƙarami ne, don haka kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi na iya ɗaukarsa.

Al'amarin ya sauya ne bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a shekarar 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka samu karɓuwa daga shekarar 2020. Masu kallo sun saba da hoto garau, kuma abin da suke tsammani ke nan ko da a bidiyon ɗaurin aure ne.

Mene ne katin hoto?

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai babban allo wanda sauran sassa ke haɗuwa a kansa. A nan ne ƙwaƙwalwar kwamfutar take, wato furosesa, tare da ma'adanar wucin gadi da ake kira ram, da kuma rumbun ajiyar bayanai.

Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, wani ƙaramin allo ne na daban mai tasa ƙwaƙwalwar da tasa ma'adanar, kuma aikinsa shi ne lissafin duk abin da ke bayyana a fuskar kwamfuta.

Bambancinsa da furosesa shi ne, ita furosesa tamkar ƙwararrun ma'aikata ne huɗu ko shida da ke iya kowane irin aiki, shi kuwa katin tamkar ɗaruruwan leburori ne a gona, kowannensu na yin ƙaramin aiki iri guda, amma duk a lokaci ɗaya.

Tun farko domin wasannin kwamfuta aka ƙera irin waɗannan katuna. Kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da GeForce 256 a shekarar 1999, sannan ya ɓullo da fasahar CUDA wadda ta ba da damar amfani da katin wajen wasu ayyukan lissafi.

Kamfanin Adobe ya rungumi wannan fasaha a manhajarsa ta Premiere Pro CS5 a shekarar 2010, kuma tun daga lokacin ne katin hoto ya zama muhimmi ga masu tace bidiyo.

Ayyuka uku katin ke yi wa edita. Na farko shi ne gyaran launi da rage girman hoto da sauran kwalliya. Na biyu shi ne kwance bidiyon da kyamara ta matse domin a iya kallonsa ba tare da tsaiko ba. Na uku kuma shi ne sake matse shi lokacin fitar da aikin da aka kammala.

Ayyuka biyun na ƙarshe wani sashe ne na musamman a cikin katin ke yin su, kuma ba kowane kati ne ke da shi ba. Wannan batu ne da masu saye da yawa ba sa tambaya a kai.

Me ya sa hoton yanzu ke da nauyi?

Hoton DVD na da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato ɗigo kimanin 415,000 a kowane hoto guda.

Hoton da ake kira HD kuwa na da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato fiye da miliyan 2, yayin da na 4K ke da fiye da miliyan 8.

Idan aka tuna cewa a kowace daƙiƙa hotuna 25 ko 30, wani lokaci ma 60, ke wucewa, za a ga cewa aikin da ake ɗora wa kwamfuta a hoton 4K ya ninka na zamanin DVD kusan sau 20.

Bugu da ƙari, hanyar matse bidiyo ita ma ta sauya. Tsarin H.264 da aka amince da shi a shekarar 2003 bai kai tsarin H.265 na shekarar 2013 wuyar kwancewa ba, kuma wayoyin iPhone sun fara ɗaukar hoto da sabon tsarin ne tun a shekarar 2017.

Abin da ya sa ke nan edita kan ga bidiyon kyamararsa na tafiya lafiya, amma da zarar ya sanya guntun da ƙawayen amarya suka turo masa daga waya, sai kwamfutar ta fara tangarɗa.

Inda kwamfutocin ke fitowa

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake aiki da su a Zariya na hannu ne, waɗanda bankuna da makarantu da ofisoshi a Turai da Amurka suka gama amfani da su.

Suna shigowa ne ta tashoshin jiragen ruwan Legas, su bi ta kasuwar Alaba da ta Computer Village da ke Ikeja, kafin su iso Kaduna da titin Beirut a Kano, daga nan kuma zuwa shagunan Sabon Gari da Samaru.

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan hulɗarta a Najeriya ya gano cewa a shekarun 2015 da 2016, kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shigowa ƙasar a kowace shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki.

Waɗanda aka fi gani su ne Dell OptiPlex, kamar samfurin 7010 na shekarar 2012 da 9020 na shekarar 2013, sai kuma HP Compaq 8300 da EliteDesk 800.

Na'urori ne masu ƙarko, amma domin aikin ofis aka yi su, wato buga wasiƙa da lissafi. Masu ƙera su ba su bar wa babban katin hoto wuri ko wuta ba.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara sa jama'a riƙe tsofaffin na'urorinsu. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala guda a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a cikin shekarar 2024 ta haura naira 1,500, lamarin da ya sa sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin masu ƙaramin jari.

Abubuwa huɗu da za a duba kafin a fitar da kuɗi

Abu na farko shi ne ramin da katin zai shiga a kan babban allo. Ana kiransa PCI Express, kuma shi ne mafi tsawo a cikin ramukan. An ɓullo da shi ne a shekarar 2003 domin maye gurbin wani tsohon rami mai suna AGP.

A nan babu wata damuwa sosai, domin sabon kati na shiga tsohon ramin PCI Express, sai dai gudunsa ya ɗan ragu. Kwamfutar da har yanzu ke da AGP kuwa ta wuce a yi mata wannan magana.

Abu na biyu shi ne girman akwatin kwamfutar. Kamfanonin Dell da HP kan fitar da samfuri guda a akwati iri-iri, akwai dogo mai faɗi, akwai siriri, akwai kuma ɗan mitsitsi.

Siririn akwati ba ya ɗaukar kati sai gajere, wanda ke zuwa da ƙaramin ƙarfen ɗauri. A wasu samfuran ma ramin na dab da akwatin wuta, ta yadda kati mai kauri ba zai zauna ba. Ɗan mitsitsin kuwa galibi ba shi da ramin ma gaba ɗaya.

Don haka ya kamata a buɗe kwamfutar a auna tsawo da faɗin wurin da ma'auni, ko kuma a ɗauke ta a tafi da ita shagon.

Abu na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne akwatin da ke raba wa sassan kwamfutar wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. A jikinsa akwai takarda da ke nuna yawan wat ɗin da yake iya bayarwa.

A siraran kwamfutocin ofis adadin kan kasance tsakanin wat 180 zuwa 255, a dogayen kuma daga 240 zuwa 320.

Shi ramin PCI Express wat 75 kawai yake iya bai wa kati. Duk katin da ke shan fiye da haka na buƙatar ƙarin waya daga fawa fak, mai baki 6 da ke ba da wat 75, ko mai baki 8 da ke ba da wat 150, kuma yawancin kwamfutocin ofis ba su da wannan waya.

Wasu masu gyara kan yi dabarar jona katin da wayar rumbun ajiya ta hanyar wata 'yar mahaɗa. Wannan na da haɗari, domin ita wayar an yi ta ne ta ɗauki kimanin wat 54, kuma idan aka matsa mata tana iya narkewa har ta kama da wuta.

Sauya fawa fak ɗin ma ba koyaushe yake da sauƙi ba, domin samfura irin su OptiPlex 9020 da EliteDesk 800 na amfani ne da mahaɗa ta kamfaninsu, wadda ta bambanta da mai baki 24 da aka saba gani a kasuwa.

Abu na huɗu shi ne ita kanta furosesar. Idan mai rauni ce, kamar Core 2 Duo ko Pentium, katin zai riƙa zaman jiranta ne kawai, kuɗi sun tafi amma aiki bai sauya ba.

Haka kuma wasu kwamfutocin shekarar 2011 zuwa baya, masu tsohon tsarin tayar da na'ura, kan ƙi nuna hoto idan aka sanya musu wasu sababbin katuna. Sabunta manhajar BIOS daga shafin kamfanin kan magance hakan a wasu lokutan, amma kada a fara sai an tabbatar wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin ba.

Katunan da suka dace da kwamfutar ofis

Ga mai tsohuwar Dell ko HP, zaɓin da ya fi aminci shi ne katin da ba ya buƙatar ƙarin waya.

GTX 1050 Ti ya fito ne a watan Oktoban 2016 a kan dala 139. Yana da ma'adana mai giga 4, yana shan wat 75, yana kwance tsarin H.264 da H.265, kuma ana samun gajerensa. Ya wadatar ga aikin HD.

GTX 1650 na watan Afrilun 2019 ya fi shi ƙarfi, shi ma da giga 4 da wat 75, ko da yake wasu kamfanonin sun ƙera nasu da ƙarin waya mai baki 6, don haka sai a duba.

RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a watan Fabrairun 2024, na shan wat 70 ne, kuma shi ne mafi ƙarfi a cikin ukun. Sai dai kada a rikita shi da ɗan'uwansa mai giga 8, wanda ke buƙatar ƙarin waya.

Akwai kuma Quadro P1000 na shekarar 2017, siriri ne mai giga 4 da ke shan ƙasa da wat 50, kuma ya dace da akwatin da babu fili a cikinsa, amma sai an nemo masa mahaɗa kafin a jona shi da allon kallo.

Kamfanin Nvidia na ba da shawarar fawa fak mai wat 300 ga GTX 1050 Ti da GTX 1650. Mutane da dama na amfani da su a kan wanda bai kai haka ba kuma suna aiki, amma ya kamata a san cewa fawa fak ɗin da ya shekara goma yana aiki ba shi da ƙarfin da yake da shi yana sabo.

Manyan katuna kuwa, irin su RX 580 na kamfanin AMD mai shan wat 185, ko RTX 3060 mai giga 12 da wat 170, na buƙatar fawa fak mai wat 500 zuwa 550. Wurinsu shi ne kwamfutar da aka harhaɗa da hannu, ko kuma manyan na'urorin aiki irin su HP Z420 da Z440, waɗanda wasunsu ke zuwa da wat 600 ko 700 da kuma wayar kati.

Araha ba ta ado

Akwai katunan da ke da sauƙin farashi, kuma suna shiga kowace kwamfuta, amma ba su da wani amfani ga mai tace bidiyo.

GT 1030 na shekarar 2017 na shan wat 30 kacal, sai dai ba shi da sashen matse bidiyo. Haka ma RX 6400 da RX 6500 XT da AMD ya fitar a shekarar 2022.

GT 710 da GT 730 kuwa, duk da cewa ana rubuta giga 2 ko ma giga 4 a kwalinsu, ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai. Yawan giga kaɗai ba shi ne ƙarfin kati ba.

Katunan Intel Arc na shekarar 2022 na da kyau wajen matse bidiyo, amma an tsara su ne domin sababbin alluna, kuma ƙarfinsu kan ragu a tsofaffin kwamfutoci.

Jabu da waɗanda suka sha wuya

Wata babbar matsalar ita ce ta katunan jabu. Maha'inta kan ɗauki tsohon kati kamar GTS 450 na shekarar 2010, su sauya bayanan da ke cikinsa, ta yadda kwamfuta za ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti.

Daga cikin alamomin irin wannan kati akwai farashin da ya yi sauƙi fiye da ƙima, da kwalin da babu sunan sanannen kamfani, da kuma dagewar mai sayarwa cewa sai da faifan da ke cikin kwalin kawai katin zai yi aiki.

Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z da ke bayyana ainihin abin da ke cikin kati, kuma tun shekarar 2018 take sanya alamar gargaɗi a kan irin waɗannan na jabun.

Sannan akwai katunan da aka yi amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet. Bayan da tsarin Ethereum ya daina dogaro da katunan hoto a watan Satumban 2022, an zubo da su kasuwannin duniya da yawan gaske, musamman RX 570 da RX 580.

Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma wasu sun shafe shekaru suna aiki dare da rana, don haka fankokinsu da ma'adanarsu sun jigata.

Hanya mafi dacewa ita ce a gwada katin a cikin kwamfutar da za ta yi aiki da shi, a gaban mai shago, a sa ta fitar da bidiyo na tsawon aƙalla rabin sa'a, ana lura da zafi da ƙarar fanka da kuma ɗigo-ɗigon launi a fuskar allo.

Ya kamata kuma a yi sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit. Wannan ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, domin malaman Malikiyya sun yi bayanin zaɓin sharaɗi a ciniki, da kuma haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye masa ya bayyana.

Wuta da zafi da ƙura

Bayanan da kamfanoni ke bugawa na ɗauka ne cewa wutar lantarki tsayayya ce kuma ɗakin aiki na da sanyi. A Zariya, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rarraba wa wuta, edita kan yi wani sashe na aikinsa ne da janareta ko da batir, kuma tsadar man fetur ta ƙaru tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga watan Mayun 2023.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 na ɗauke da wat 2,400 na sa'a guda, kuma rabin hakan ne ya kamata a sha idan ana son batirin ruwa ya daɗe.

Ke nan kwamfutar da ke shan wat 200 tare da allonta za ta yi kusan sa'a shida, wadda ke shan wat 350 kuma ba za ta wuce sa'a uku da rabi ba. Ga wanda ke aiki da sola, ƙaramin kati na iya fin babba riba.

Hawa da saukar wuta ma na kashe fawa fak, kuma mai rauni kan tafi da katin idan zai mutu. Sitabilaiza da na'urar UPS na daga cikin kuɗin da ya kamata a lissafa tun kafin a je kasuwa.

A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan doshi maki 40 a ma'aunin Selshiyos, kuma katin da ya yi zafi da yawa kan rage gudunsa da kansa domin kare kai.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke toshe fankoki. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa, da rufe ta da ƙyalle idan an kashe ta, da kuma hure ta da abin hura iska duk bayan 'yan makonni, na ƙara mata kwana.

Yadda ake sanya katin

Da farko a kwafe ayyukan jama'a zuwa wani rumbun na daban, sannan a cire manhajar tsohon katin idan akwai.

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar ta fita. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa katin, musamman a lokacin hunturu da jiki ke tara tartsatsin wuta.

A cire ƙarfen da ya rufe bayan ramin, a danna katin a hankali har sai makullinsa ya kama, sannan a ɗaure shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wayar allon kallo a tsohon wurinta. Dole ne a mayar da ita jikin sabon katin. Yawancin katunan shekarar 2016 zuwa yau ba su da mahaɗar VGA mai launin shuɗi, don haka mai tsohon allo zai buƙaci 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA.

Daga nan sai a sauko da manhajar katin daga shafin Nvidia ko AMD, a kuma shiga saitin Premiere Pro ko DaVinci Resolve a zaɓi katin, domin idan ba a yi hakan ba manhajar na iya ci gaba da dogaro da furosesa kaɗai.

Lokacin da kati ba shi ne magani ba

Kafin a ɗora wa katin hoto laifi, ya kamata a buɗe Task Manager yayin da ake aiki, a ga sashen da ke cika.

Idan ram ce ta cika, to ita ce ke buƙatar ƙari. Kamfanin Adobe ya daɗe yana ba da shawarar giga 16 ga aikin HD, da giga 32 ga na 4K, alhali kwamfutocin ofis kan zo da giga 4 ko 8.

Idan kuma rumbun ajiya ne, sauya tsohon mai juyawa da na SSD kan kawo sauyin da ake gani nan take, kuma kuɗinsa bai kai na kati ba.

Furosesar Intel tun daga zubi na biyu a shekarar 2011 na da nata sashen matse bidiyo mai suna Quick Sync, wanda editoci da dama ba su san suna da shi ba. Akwai kuma dabarar yin ƙananan kwafi na bidiyon a yi aikin yanka da su, sai a wajen fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Wannan ba ya cin ko sisi.

A hannu guda kuma, akwai iyakar da shekaru ke sanya wa na'ura. Premiere Pro daga fitowa ta 24, a ƙarshen shekarar 2023, ba ya aiki sai da furosesa mai fasahar AVX2, wadda Intel ya fara sanyawa a zubi na huɗu a shekarar 2013. OptiPlex 7010 da HP 8300 ba su da ita, ko wane irin kati aka sanya musu.

Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, tare da shirin ƙarin wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista, yayin da Windows 11 ke neman furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama.

Shi ma Nvidia ya daina fitar da sababbin manhajoji na yau da kullum ga katunan GTX 900 da GTX 10 a ƙarshen shekarar 2025, in ban da gyaran tsaro da ya ce zai ci gaba har zuwa Oktoban 2028. Wannan na nufin GTX 1650 da RTX 3050 sun fi GTX 1050 Ti sauran kwana.

Ga mai kwamfutar Core i5 ko i7 ta zubi na huɗu zuwa sama, mai aikin HD, ƙarin ram da SSD da katin da bai wuce wat 75 ba na iya ba shi wasu shekaru na aiki.

Ga mai wadda ta girmi haka, ko kuma wanda abokan cinikinsa suka koma neman 4K, zai fi masa alheri ya adana kuɗin katin, ya ƙara a kai, ya nemi kwamfuta ta zubi na takwas mai dogon akwati, wadda za ta karɓi katin idan lokacin sayensa ya yi.